Ƙarar Kunne: Daga Muƙamuƙi Take Ko Daga Can Cikin Kunne? Yadda Ake Rarrabewa

Ɗora ɗan yatsanka a gaban kunne, daidai ɗan tudun guringuntsin da ke tsare ƙofarsa, sannan ka buɗe baki a hankali. Za ka ji kan wani ƙashi ya zame gaba, in ka rufe bakin ya koma mazauninsa. Wannan ita ce gaɓar muƙamuƙi, inda ƙashin haɓa ya haɗu da ƙoƙon kai. Ɗan siririn ƙashi ne kawai ya raba ta da ramin kunne. Maƙwabta ne masu katanga ɗaya, kuma in ana daka a gidan maƙwabci, ɗakinka ma yana amsawa.

Shi ya sa mutum biyu kan zo da kuka iri ɗaya, "kunnena na ƙara, shuuu, kamar gyare ya shige ciki", alhali ciwonsu ya sha bamban. Na farko kunnensa garau yake, tsokokin taunarsa ne suka gaji. Na biyu kuwa wani abu ne ke lalacewa a can cikin kunne, inda ido ba ya kaiwa. In aka rikita su, sai a bar jaki ana dukan taiki: mai ciwon muƙamuƙi ya shekara yana ɗiga magani a kunne, mai ciwon kunne kuma ya zauna yana gasa kunci da ruwan ɗumi har lokacin ceto jinsa ya wuce. Don haka jerin matakan binciken da ke tafe yana da dalili. Ana fara binciken kunne, domin wasu cututtukansa kwanaki ƙalilan suke ba mutum. Muƙamuƙi yana iya jira.

Yadda ƙarar ke samuwa

Kunne hawa uku ne. Akwai ramin waje da ya tsaya a dodon kunne. Akwai ɗakin tsakiya mai iska da ƴan ƙasusuwa uku. Sai can ciki, a binne cikin ƙashi, inda ake da wata gaɓa mai naɗi kamar katantanwa, wadda ke ɗauke da ƙwayoyin ji masu gashi wajen 15,000, kusa da ita kuma akwai bututu uku masu lanƙwasa da ke riƙe wa mutum daidaito don kada ya faɗi. Ƙwayoyin nan in sun mutu ba sa sake tsirowa. Idan saƙon da suke aikawa ya ragu, ƙwaƙwalwa kan ƙara ƙarfin sauraronta, kamar wanda ya ƙure muryar rediyo a wurin da babu tasha, sai shuuu ya cika kai. Ƙarar da ke fitowa daga ciwon cikin kunne ke nan.

Ta muƙamuƙi kuma hanyarta daban. Jijiyar da ke kai saƙon fuska, haƙora da tsokokin tauna, wadda likitoci ke kira jijiya ta biyar, tana da reshe zuwa zangon farko da saƙon ji ke sauka a gindin ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin saman wuya ma suna aikawa can. In tsokar tauna ta ɗaure ko gaɓar ta kumbura, saƙon da take turawa yakan dagula wannan zango. Ƙari a kan haka, ƴar tsokar da ke ɗame dodon kunne daga ciki, jijiyar tauna ce ke motsa ta, abin da ya sa mai ciwon muƙamuƙi kan ji kunnensa ya toshe alhali yana ji sarai. Wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya rubuta wannan alaƙa tun 1934. Bayaninsa na cewa zubewar turame, wato manyan haƙoran tauna na baya, ce ke tura ƙashin ya danne kunne bai tsaya ba daga baya, amma alaƙar kanta ta tabbata.

Mataki na farko: abin da ba ya jira

Kafin kowane gwaji na gida, duba ko kana cikin waɗannan.

In jinka ya ɗauke ko ya ragu sosai a kunne ɗaya farat ɗaya, ko cikin kwana uku, tafi asibiti yau. Da yawa da shi suke wayar gari, su ce ruwan alwala ne ya shige, ko datti ne, su jira ya buɗe da kansa. Wannan jiran shi ne asarar. Maganin kortizon da likita ke bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko, amfaninsa kuma yana raguwa ƙwarai bayan mako biyu.

In jiri ya zo da harɗewar harshe, ko ganin abu bibbiyu, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko mutum ya kasa tsayawa ko da an riƙe shi, a ɗauke shi a matsayin shanyewar ɓarin jiki har sai likita ya ce a'a. In akwai masassara mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, sanƙarau ne abin tsoro, kuma ƙasar Damagaram tana cikin yankin da yake yawan ɓulla. Wanda ya warke daga sanƙarau, yaro ko babba, a auna jinsa cikin makonnin farko, don cutar tana daga manyan masu kurumtarwa.

Asibiti nan take kuma ga wanda ya faɗi daga babur ko aka buge shi a kai, jini ko ruwa fari na fita ta kunne. Da wanda gefen fuskarsa ya saki, ga ƙuraje masu ruwa a kunne. Da wanda bakinsa ya ƙi buɗuwa kwanaki bayan ƙusa ko ƙaya ta soke shi, domin sarƙe-haƙora da muƙamuƙi yake farawa. Da wanda ya haura 50, muƙamuƙinsa na gajiya da ciwo in yana tauna, ga sabon ciwon kai a gefe, ga ido na dishi-dishi. Ciwon muƙamuƙi da ke tasowa tare da nauyin ƙirji lokacin tafiya ko aiki kuwa, zuciya ake dubawa.

Sai ƙara mai bugawa, fuf, fuf, fuf. Riƙe wuyan hannunka ka ƙidaya. In tana tafiya daidai da bugun zuciya, gudun jini kake ji, kuma wannan babi ne na dabam: ƙarancin jini, juna biyu, hawan jini, ciwon maƙoƙo, ko matsala a jijiyar jini ta wuya ko ta kai. A auna tansiyon, wato hawan jini, da yawan jini cikin makon nan.

Mataki na biyu: yaushe ta fara, kuma me ya gabace ta

Rabin amsar tana nan. Zauna ka tuna makon da ƙarar ta soma.

Abubuwan da ke nuna kunne: ka yi masassarar cizon sauro aka ba ka kinin; an yi maka allurar gentamisin, streptomisin, kanamisin ko amikasin; kana shan furosemid mai yawa ko aspirin mai yawa; ka yi hangum ko ƙyanda; kana da sikila; ko aikinka na cikin hayaniya. Ƙarar kinin da ta aspirin yawanci suna lafawa kwanaki bayan gama maganin. Illar waɗancan allurai kuwa sau da yawa ba ta komawa, saboda haka wanda ake yi masa su ya ji ƙara ko jiri, ya gaya wa mai yi masa allurar a ranar. Kada dai ka yanke maganin masassara ko na tarin fuka da kanka. Likita ne zai canza shi.

Batun hayaniya yana da awo, ma'aunin ƙarfin sauti kuma shi ne desibel. Desibel 85 ana iya jure shi awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, har a desibel 100 ya rage minti 15 kacal. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai, tazarar hannu ɗaya, ya ji ka, to wurin ya kai iyaka. Mai injin niƙa, mai walda, maƙeri, wanda shagonsa ke jingine da janareta, mai zama gaban lasifika a wurin biki, da matashin da ke kwana da abin sauraro a kunne, duk nan suke. Ƙararsu siririya ce, tsiii, yawanci a kunne biyu, kuma ba ta cika canza kama ba.

Abubuwan da ke nuna muƙamuƙi: ƙarar ta fara tare da ciwon kunci ko na wuya, ko bayan an cire maka turmi ka daɗe baki a wangale, ko bayan mari, naushi ko faɗuwa a kan haɓa, ko a lokacin wata babbar damuwa. Tana hawa tana sauka. Wata rana ba ka jin ta, wata rana ta hana ka sakat. Ta fi ƙarfi da asuba ga mai gurzar haƙora cikin barci, ko da yamma ga wanda ya yini yana tauna goro ko cingam. Alamar da ta fi kowace nauyi ita ce tafiya tare: ranar da kuncin ya tsananta, ƙarar ta tsananta, ranar da ya lafa, ta lafa, kuma a gefe guda suke.

Mataki na uku: auna jinka a gida

Nemi ɗaki shiru, a kashe fanka da rediyo.

Miƙa hannunka gefe iyakar tsawonsa, ka murza babban yatsa da sauran yatsu. Yi wa dama, yi wa hagu, ka kwatanta. Sannan kira wata lamba ka saurara da kunne ɗaya, ka mayar ɗaya. Lura da abu biyu, ƙarfin muryar da kuma tsabtarta. Kunnen da ke jin sauti amma kalmomin suna cakuɗewa, ko muryar tana fita kamar ta tsagaggen lasifika, cikinsa ne abin zargi.

Gwajin raɗa yana buƙatar mataimaki. Ya tsaya bayanka, tazarar santimita 60, yana murza ɗan guringuntsin ɗayan kunnen don ya toshe shi, ya fitar da numfashinsa tukuna, sannan ya raɗa lambobi uku, kai kuma ka maimaita. A yi sau biyu a kowane gefe da lambobi daban. In dattijo ne ake gwadawa, a yi masa bayani tun farko: "Baba, zan tsaya bayanku in faɗi lamba a hankali, abin da kuka ji ku maimaita." Kasa kama rabin lambobin ya isa dalilin zuwa awo.

Gwaji na ƙarshe shi ne mafi amfani ga wanda kunnensa ɗaya ya toshe. Rufe baki ka yi "mmmm" mai tsawo, ka lura a ina kake jin sautin. Don ka gane abin da ake nema, fara toshe kunne ɗaya da yatsa ka gwada: za ka ji sautin ya koma kunnen da ka toshe. To, in ba tare da yatsa ba sautin ya tafi kunnen da ke damunka, akwai alamar toshewar hanya ce, wato datti, ruwa a bayan dodon kunne bayan murar hunturu, ko hujewar dodon. In ya gudu zuwa lafiyayyen kunnen, katantanwa ko jijiyar ji ce ta raunana, kuma in abin sabo ne, koma mataki na farko. In ya tsaya tsakiyar kai, sauran gwaje-gwajen kuma sun fito daidai, amma har yanzu kunnen na yi maka nauyi, muƙamuƙi ya fara shiga zargi.

Gwajin gida yana kama babban rashi ne kawai. Raguwar ji a sirara-siraran sautuka takan ɓoye masa, kuma ita ce ta fi haifar da ƙara. Cin wannan gwaji bai ɗauke wa mutum awon asibiti ba.

Mataki na huɗu: jiri, kuma na tsawon wane lokaci

Kalmar jiri ta ƙunshi abubuwa da yawa, sai an tace ta. Duhun da ke rufe ido in ka miƙe da sauri, ko rashin ƙarfin yunwa da ƙishi a watan azumi, ba daga kunne suke ba. Mai ciwon muƙamuƙi da wuya yakan ji kansa ya yi fayau ko tafiyarsa ba ta yi daidai ba, amma ɗaki ba ya juya masa. Hajijiya ta gaske, wadda bango ke zagayawa har da amai, ita ce ta cikin kunne, kuma agogo ne ke rarrabe ire-irenta.

Wadda ba ta kai minti ɗaya ba, mai tasowa in ka juya a shimfiɗa, ko ka ɗaga kai sama, ko ka yi ruku'u da sujada, ƴan tsakuwoyin alli ne na cikin kunne suka ɓalle suka faɗa cikin ɗaya daga bututun nan uku. Ba ta taɓa ji, ba ta kawo ƙara, kuma ana gyara ta da wani juyin kai da ake kira Epley, cikin mintoci, a hannun wanda ya iya.

Wadda ke ɗaukar minti 20 zuwa awa 12, ta tafi ta dawo, tare da cikar kunne ɗaya, ƙara mai kauri kamar rurin injin daga nesa, da jin da ke raguwa yana dawowa, ita ce cutar da likitan Faransa Prosper Ménière ya bayyana a 1861. Ruwan cikin katantanwa ne ke taruwa fiye da kima. Wannan ce aka fi rikitawa da ta muƙamuƙi, saboda duka biyun suna da toshewar kunne, suna gefe ɗaya, suna hawa da sauka. Bambancin: a cutar Ménière ji yana raguwa da gaske, musamman a sautuka masu kauri, kuma hajijiyar tana kwantar da mutum.

Wadda ta kwantar da mutum yini biyu ko uku a jere, sau da yawa bayan mura, kumburin jijiyar daidaito ce. In ta haɗa da raguwar ji da ƙara, kumburin ya shafi katantanwa.

Akwai kuma wadda ba ta da hayaniya ko kaɗan: ƙara a kunne ɗaya tak, jin wannan kunnen na raguwa sannu a hankali cikin watanni ko shekaru, mutum ya daina ɗaukar waya da shi ba tare da ya lura ba. Wani lokaci ƙari ne a jijiyar ji. Ba ciwon daji ba ne, kuma ba shi da yawa, amma ana so a gano shi yana ƙarami.

Mataki na biyar: binciken muƙamuƙi

Tsaya gaban madubi. Jera yatsunka uku, manuni da na tsakiya da mai bi masa, ka sa su a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. In sun shiga ba zafi, buɗewar ta isa. Mai son lamba ya auna da tef ɗin tela daga bakin haƙorin sama zuwa na ƙasa: babba lafiyayye yakan kai milimita 40 ko fiye, ƙasa da 35 kuwa akwai takura. Kalli haɓarka lokacin buɗewa. Ya kamata ta sauka a miƙe. In ta karkace gefe ta tsaya can, yawanci gefen da ta nufa shi ne ya ɗaure.

Mayar da yatsu gaban kunnuwa ka buɗe ka rufe sau biyar. "Ƙas" guda ɗaya, faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ke zamewa yana komawa. Mutane da yawa suna da shi, kuma in babu zafi babu maƙalewa, ba ya buƙatar magani. Gurzawa kamar ana taka yashi kuwa alamar zaizayewar gaɓa ce.

Yanzu tsokoki, kuma a nan a tsaya a natsu. Cije haƙora: tsokar da ta tasa a kunci, tsakanin ƙashin kumatu da kusurwar haɓa, ita ce babbar tsokar tauna. Ta biyu tana gefen kai, sama da kunne zuwa gefen goshi, shimfiɗe kamar mafici. Saki bakin, sannan ka danna da kan yatsa. Ƙarfin da ake so kilo 1 ne a kan tsoka, rabin kilo a kan gaɓa. Danna sikelin mai shago sau biyu ko uku, hannunka zai riƙe awon. Bi tsokar kunci daga sama zuwa ƙasa wuri uku, ta gefen kai daga gaba zuwa baya wuri uku, kana riƙewa daƙiƙa biyar a kowane wuri. Kowa yakan ji ɗan zafi in an matsa, don haka zafi kaɗai bai isa ba. Tambayar ita ce, wannan shi ne zafin da ka saba ji? Ya harba cikin kunne, ko haƙori, ko bayan ido? Ƙarar ta motsa? In amsar i ce, ka samu shaida mai ƙarfi. Yi haka ga doguwar tsokar da ta taso daga bayan kunne zuwa ƙashin wuya, da tsokar kafaɗa.

Leƙa cikin baki. Haƙoran da kawunansu suka lafe kamar an goge su, farin layi a cikin kunci, shatin haƙora a gefen harshe, duk sawun cizo ne. Tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko yana jin gurzar haƙoranka da dare. Duba turmin da ya ruɓe, ko na ƙarshe da ya fito rabi dasashi ya kumbura a kansa, don su ma suna harba ciwo kunne. Wanda ya rasa turame a gefe ɗaya yakan ɗora wa ɗaya gefen duk aikin tauna shekara da shekaru.

Mataki na shida: motsa ƙarar, da tarkon da ke ciki

A ɗaki shiru, ba wa ƙararka maki daga 0 zuwa 10. Sannan yi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kowanne daƙiƙa biyar zuwa goma, kana hutawa tsakani: cije turame da ƙarfi, wangale baki, tura haɓa gaba, tura ta gefe kana tokare ta da tafin hannu, tura goshi cikin tafin hannu ba tare da kai ya motsa ba, haka a ƙeya, haka a gefen dama da na hagu, juya wuya iyakarsa. Rubuta wanda ya ƙara ta, wanda ya rage ta, da wanda ya canza mata murya. Mai tsohon rauni a wuya ya bar na wuyan.

Ga tarkon. Fiye da rabin masu ƙarar kunne suna iya canza ta da irin wannan motsi, har da waɗanda injin niƙa ya cinye musu ji. Saboda haka canzawar ƙara in ka cije haƙora tana nuna cewa hanyar nan tsakanin jijiyar tauna da ta ji a buɗe take, ba ta wanke kunne daga laifi ba. Sai ta haɗu da zafin da aka gane, da takurar buɗe baki, da tafiya tare a lokaci guda, sannan ta zama hujja. Kuma sau da yawa abu biyun a mutum ɗaya suke: raunin ji ya kunna ƙarar, ɗaurewar tsoka tana iza ta. Irin wannan mutum in aka kula da muƙamuƙinsa, ƙarar kan sauka daga takwas zuwa uku, misali, ko da ba ta ɗauke ba.

Mataki na bakwai: hutun mako biyu

In babu alamar haɗari, shaidu kuma sun karkata ga muƙamuƙi, ba shi hutu ka ga abin da ƙarar za ta yi. Wannan gwaji ne kuma magani ne.

A ajiye kilishi, rake, aya, goruba, busasshen dabino, cuku, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, ƙashi da cingam. Mai cin goro ya rage, wanda zai ci kuma a goga masa a magogi. A koma fura, kunu, fate, ɗanwake, ƙwai, tuwo mai laushi da naman da ya dahu luguf, a yanka ƙanana, a tauna gefe biyu. Shayin fada mai kauri da kofi a bar su daga la'asar, don suna ƙara cizon dare.

Mazaunin baki in ba a ci ba a magana shi ne leɓɓa a haɗe, haƙora a rabe kaɗan, kan harshe a ganda bayan haƙoran sama. Duba kanka bayan kowace salla, za ka sha mamakin yawan lokacin da za ka tarar a cije kake. A daina tagumi, da maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, da riƙe allura ko biro da haƙori, da kwanciyar rub da ciki. In hamma ta zo, tokare haɓa da dunƙulen hannu.

Jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ka ɗora a kunci da gefen kai minti 15 zuwa 20, safe da dare, sannan ka murza tsokar a hankali minti biyu. Motsa gaɓar kuma haka: harshe manne a ganda, buɗe baki iyakar inda harshen bai saki ba, sau shida, lokaci shida a yini. In zafi ya hana ka ci, parasetamol ya isa ga mafi yawa. Ibuprofen miligiram 400 bayan abinci, har sau uku a yini, bai kamata ya wuce mako ɗaya ba sai da izinin likita, kuma ba na mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba ne. Yawansa ma yana iya ƙara ƙarar.

Kowace safiya da dare rubuta lamba biyu a takarda, makin zafi da makin ƙara. Zafin ne ke fara sauka, ƙarar ta biyo daga baya, wani lokaci sai an kai mako shida. In layukan biyu suna sauka tare, hanyar ta yi. In zafin ya tafi ƙarar na nan daram, ko wani jiri ko raguwar ji ya ɓullo, a koma kan kunne.

Mataki na takwas: a asibiti

Ƙarar da ta wuce wata uku, ko ta kunne ɗaya, ko wadda ke tare da raguwar ji ko hajijiya, tana buƙatar awo ko da muƙamuƙin ma yana ciwo. Fara daga asibitin unguwa a leƙa kunnen da fitila, a auna tansiyon. In datti ne a cire shi a can. In ba a ga komai ba, nemi takardar zuwa Babban Asibitin Zinder wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL. Dodon kunne mai kyau a ido bai ce cikin kunne lafiya yake ba, fitila ba ta ganin katantanwa.

Awon da ke yanke hukunci shi ne odiyogram, inda ake sa maka abin sauraro a gwada sautuka daga masu kauri zuwa sirara, wato daga hertz 250 zuwa 8,000, kowane kunne daban. Ji daidai a kunne biyu tare da tsoka mai zafi yana nuna muƙamuƙi. Raguwar ji a wajen hertz 4,000 sawun hayaniya ce. Faɗuwa a sautuka masu kauri, mai canzawa daga awo zuwa awo, ta cutar Ménière ce. Gangara a sirara-siraran sautuka a kunne biyu ta shekaru ce ko ta magani. Kunne ɗaya da ya fi ɗan'uwansa rauni a fili kuwa yana kiran hoton IRM, na'urar da ke nuna cikin kai, kuma in likita ya rubuta shi a yi, ko da zai kai ga tafiya Yamai.

Wanda aka tabbatar masa da cutar Ménière, ana umartarsa ya riƙe gishiri ƙasa da giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya a shafe, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Wanda jinsa ya ragu, na'urar ƙara ji takan rage ƙarar ma, tunda ƙwaƙwalwa ta samu abin saurare. Na muƙamuƙi kuma likitan haƙori zai gyara turmin da ya ruɓe, ya yi wa mai cizon dare robar da ake ɗora wa haƙora bisa awon bakinsa. Kada a yarda a goge lafiyayyun haƙora ko a cire su da sunan maganin ƙarar kunne, domin wannan aiki ba ya gyaruwa in an yi.

Ɓarnar da ta fi yawa a gida ake yin ta. Man gyaɗa, ruwan albasa, turare, tsinken ashana da gashin kaza ba sa isa katantanwa, ba sa isa gaɓar muƙamuƙi, sai dai su tura datti ciki ko su huda dodon kunne. Maganin ɗigawa na masu talla yakan ƙunshi gentamisin ko neomisin, waɗanda in dodon ya huje suna iya ratsawa su cutar da ji. Ƙwayoyin kwantar da jiri na kwana biyu ne ko uku. Shan su watanni yana hana ƙwaƙwalwa sabawa. Shiru ƙurmus yana ƙara fito da ƙarar, don haka a bar fanka ko rediyo can ƙasa-ƙasa lokacin barci. Wanda abin ya hana shi barci makonni, ko ya fara jin rayuwa ta ishe shi, ya faɗa wa likita da na kusa da shi ƙarara, akwai taimakon da ake yi a kan wannan.

Ranar zuwa, tafi da takardar makinka, da kwalayen duk magungunan da ka sha cikin wata uku har da na gargajiya, da tsohon odiyogram in kana da shi. Ka tsara maganarka tun daga gida, misali: "Likita, kunnen hagu ne kaɗai. Wata biyu ke nan, ta fara mako ɗaya bayan an cire mini turmi. Ta fi ƙarfi da asuba, in na cije haƙora tana ƙaruwa, yatsu biyu kawai ke shiga bakina. Ɗaki bai taɓa juya mini ba, waya kuma ina ji daidai da kunnuwan biyu. Ina so a auna mini ji."